Kiran Maza a Gidan Kacalla

Ni ban yi soja ba. Gara in faɗa tun yanzu, domin a gidanmu wannan ake fara tambayar namiji kafin a tambayi lafiyarsa. Na je Damagaram lokacin ɗibar soja, ina saurayi, na tuɓe riga na shiga layi kamar kowa. Likitan soja ya rufe mini idon dama da tafin hannunsa, ya ce in karanta abin da ke jikin bango. Ko bangon ban gani ba. Hakiya ta cinye na hagun tun ina yaye. Ya ce in mayar da rigata. Na dawo gida a bayan babbar mota, a kan buhunan siminti, ubana bai dube ni ba har aka yi shuka. Daga nan aka raba aiki: su su tafi su yi suna, ni in cika rumbu.

Gidanmu gidan Kacalla ne, a wani ƙauye gabas da Ollelewa. Kacalla sarautar yaƙi ce, kakanninmu suka zo da ita daga ƙasar Barno. Yau ba ta da doki, ba ta da ƙasa, ko perfe, wakilin gwamnati, ya zo rangadi ba a ajiye mata kujera. Abin da ya rage mata rawani ne, da takobi ɗaya da tsatsa ta manne a kube, da ganga, da kiran maza.

Kiran maza shekara-shekara ake yinsa, bayan an ɗaure gero an kai rumbu. A share ƙofar gida, a shimfiɗa tabarmi a gindin gawo, maza su zauna, mata su tsaya bayan danga. Makaɗin gidanmu, wanda shi ma gado ya yi, ya rataya ganga ya fara kiran mazan gidan da suka riga mu, tun daga na farko. Ya faɗi sunan mutum, ya faɗi inda ya yi yaƙi, sannan ya ɗaga gula sama ya tambaya: “Ina raunin?” Mu duka mu amsa: “A gaba!” Wato bai juya baya ba. Sai ya doki ganga ya wuce na biye. Amma ba a sa mutum a kiran sai da shaida. Ko wanda ya wanke gawar, ko wanda suke tare a wurin, ya zo gaban Kacalla ya ce da idona na gani. Wanda ba a shaida ba, ba a kiransa, kuma wanda ba a kira, jikokinsa ma mantawa suke da shi.

Na farkonmu shi ya tsare rijiyar gari a zamanin da mahara ke saukowa daga arewa a kan raƙuma, mashi ya shiga masa ta ƙirji a bakin shinge. Ɗansa ya raka ayarin gero zuwa Abzin, aka sare shi a goshi. Na bayansa ya faɗi lokacin shigowar Nasara. Kakana kuwa su Nasaran suka ɗebe shi, suka zuba shi a jirgin ruwa, ya yi musu yaƙi a ƙasar da ruwa ke daskarewa a buta, ya dawo da tari da lambar girma ta tagulla. Ubana ya yi gumiye, sojan raƙumi, yana sintiri daga Tanut ya yi arewa, harsashi ya cire masa yatsu. Akwai ƙannensu da ƴaƴan ƙannensu a tsakani. Duk ana kiransu, duk a gaba.

Kakata, wadda ta fi kowa sanin jikin kakana, ta taɓa ce mini tana ɓarar gyaɗa: “Wane gaba? Alfadari ne ya harbe shi a ɗuwawu can ƙasar Nasara. Ni na yi ta gasa masa wurin har ya mutu.” Muka yi dariya har ta ƙware. Amma ranar kira, idan aka zo kansa, guɗarta ce ke rufe ta kowa.

Ina da ƴaƴa mata, duk sun yi aure. Namiji ɗaya ne, kuma shi ne na fari. Ban taɓa kiran sunansa ba, ɗan fari ba a kiransa, sai dai in ce “kai” ko “yaron nan.” Idanunsa biyu garau. Ni da na tsaya a aji biyar na lakwal, wato makarantar boko, na ce shi sai ya wuce ni, ya zama mushe ya koyar da yara, ko ya shiga aikin likita. Har kwaleji ya kai a Tanut. Sai dai tun yana goye yake jin gangar nan, kuma akwai Baffa.

Baffa ƙanen ubana ne, rawanin ya koma kansa bayan ubana ya rasu. Tsohon gardi ne, irin masu tsaron gidan kaso, dogo, mai taurin wuya. Tsakaninsa da yaron wasan kaka da jika ne. Da ya hango shi sai ya ce, “Zo nan, magajin maza. Ramin da ubanka ya bari kai za ka cike shi.” A gabana yake faɗa, ina ɗaure jaki.

Yaron ya ce, “Kai tsoho, ranar da na sa kaki sai ka tashi ka sara mini.”

“Ni? Ran da na fara harbi uwarka ba ta iya ɗaura zane ba.”

“Harbin me? Fursunoni kake rakawa su ɗebo itace.”

“Ja'iri! Miƙo mini sandar nan in nuna maka itace.”

Kowa ya yi dariya. Ni ma nakan yi, don kada a ce na ji haushi.

Ranar da ya zo ya ce an ɗauke shi, ina gyaran ƙafar amalanke. Na ce, “Karatun fa?”

“Baba, a can ma ana karatu.”

“Wa ya aike ka?”

Ya dubi ƙasa. Sannan ya ce, “In ba ni ba wa, Baba? So kake in an zo kan ɗakinmu a yi shiru?”

Wato ni shiru ne. Bai yi nufin ya soke ni ba, na sani, amma ya soka. Ban hana shi ba. Da wane baki? Na ce Allah ya tsare, na ci gaba da buga ƙusa.

Ya yi ƴan shekaru a ciki, har ya zama kaporal. Ya auro wata yarinya daga Belbeji, ɗiyar wani dillalin dabbobi, ya ajiye ta a wurinmu, ta haifi namiji. In ya samu hutu sai ya zo da sukari da ganyen shayi, ya cire takalman nan masu nauyi, ya ɗauki hauya ya bi ni gona. Ba ya labarin can. In na ce yaya wurin, sai ya ce, “Lafiya lau, Baba, sai sauro.” Zuwansa na ƙarshe ya sake wa uwarsa dangar madafi, ya ce wadda na yi ta karkace kamar mai ita.

Ana tsakiyar maimai, gero ya kai gwiwa, aka aiko a kira ni daga gona da hantsi. Na tarar da motar jandarma a ƙofar gida. Wani soja mai muƙamin ajidan ya zauna a tabarma kusa da Baffa, hularsa a hannu. Mutumin yamma ne, Hausarsa ba ta da yawa, sai jandarman da ya rako shi yake fassara. Ya ce an kai wa sansaninsu hari can wajen iyaka. An kashe wasu, an binne su a can. Wasu sun tsira. Wasu kuma an duba cikin matattu ba su, an duba cikin masu rai ba su. Ɗana yana cikin waɗannan. Kalmar da ya faɗa ita ce “disparu.” Jandarman ya ce, “Ya ɓata.”

Kunnen Baffa ya yi nauyi. Ya karkato ya ce, “Me ya ce?”

“Disparu, Baba Kacalla.”

“Dezarte?”

“A'a, Baba, ba gudu ya yi ba. Disparu.”

Baffa ya gyara zama. “To tsaya. An yi apel bayan abin? An kira suna?”

“An kira.”

“Ya amsa?”

“Bai amsa ba.”

“An ga gawa?”

“Ba a gani ba.”

“A zamaninmu,” in ji Baffa, “sojan da bai amsa apel ba iri biyu ne. Wanda ya mutu da wanda ya gudu. Wannan na ukun yaushe aka fito da shi?”

Ajidan ɗin mutumin kirki ne. Ya yi bayani, ya sake yi, ya ce kaporal ɗin ba a taɓa kama shi da laifi ba, ya ce ana nan ana nema. Amma kalmar Baffa ta riga ta tsallake danga. Kafin la'asar, a bakin rijiya, ana cewa ɗan gidan Kacalla ya yar da bindiga. Kafin kasuwa ta zagayo an gan shi a Agadas. Bayan nan an gan shi wurin haƙar zinariya. Wani ya rantse ɗan ƙanensa ya gan shi a Libiya yana wankin mota. Ɗan Faransancin da na tsinta a lakwal ya ishe ni in san kalmomin nan biyu ba ɗaya ba ne, na yi ta faɗa har muryata ta dushe. Wa zai saurari mai ido ɗaya da bai taɓa riƙe bindiga ba?

Ba mu yi zaman makoki ba. Liman ya ce ba a sallar gawa a kan zato, kuma matarsa ba za ta shiga takaba ba. Mutane suka riƙa zuwa, su tsuguna, su rasa gaisuwar da za su yi. Ba su ce Allah ya jiƙansa ba. Sai su ce, “Allah ya bayyana.” Abin da ake ce wa wanda akuyarsa ta bi garken Fulani ke nan. Ni kuma in ce amin.

Da kaka ta yi, na je wurin Baffa a zaurensa. Na tsuguna na gaishe shi yadda ya kamata, sannan na ce, “Baffa, kira ya matso. Ina so a sa yaron nan.”

“Wa ya gani?”

“Ba wanda ya gani. Amma ka san shi. A cinyarka ya girma.”

“Na san shi a nan. Can ban san shi ba.”

Raina ya ɓaci. Na ce, “Ubanka fa? Wa ya ga nasa raunin? Alfadari ne ya harbe shi a ɗuwawu, uwarka ce ta faɗa mini da bakinta. Shekara nawa muna yi masa ihun a gaba?”

Na ɗauka zai ɗaga mini sanda. Bai ɗaga ba. Ya ce, “Na san na alfadarin tun ba a haife ka ba. Amma shi ya dawo ya tsaya a gabanmu, waɗanda suka tafi tare suka ce bai gudu ba. Kai ka kawo mini mutum ɗaya. In muka amsa wa yaron nan bana, baɗi ya shigo garin nan da jakar Libiya a kafaɗa, me zan ce wa waɗanda ke kwance?” Ya goge baki da gefen rawani. “Kana tsammani ba na jin sa? Ni na tura shi.”

Wannan ne kawai karon da ya amsa haka, kuma bai canza komai ba. Ranar kira na zauna a inda na saba. Makaɗi ya bi su ɗaya bayan ɗaya, ya zo kan ubana, ya wuce, ya kira wani ɗan baffanmu da ya rasu a gabas, aka amsa, sai ya sauke gula. Wasu suka saci kallona. Na tsaya har aka naɗe tabarmi, don kada a ce ni ma na gudu.

A cikin gida kuma wata rigimar ce. Uwar yaron ta ji abin da na je nema, ta tare ni a bakin rumbu. Mace ce mai sanyin magana, amma ran nan ba ta yi sanyi ba.

“Malam, da gaske kai ka je ka ce a kira shi?”

“Ni ne.”

“Wa ake kira a wurin nan? Mai rai?”

Na juya zan wuce, ta sha gabana.

“Kana yawo kana neman wanda zai kashe mini ɗa da ganga. To ni Allah ya sa ya gudu. Wallahi in ya tabbata ya gudu sai na yi sadakar waina a ƙofar masallaci, kowa ya gani.”

“Ki rufe mini baki.”

“Ba zan rufe ba. Ku da matattunku.”

Ita duk wanda ya dawo daga arewa sai ta aika a tambaye shi. Maganar wankin motar nan da ke ƙona ni, ita da ita take kwana. Gida ɗaya muke, ni ina so a ce ya mutu da mutunci, ita tana so a ce yana raye ko da wane iri ne. Surukarmu kuwa tana tsakani, tana daka, tana goyo, ba matar aure ba, ba mai takaba ba. Ban taɓa jin ta ce ga abin da take so ba, ba wanda ya tambaye ta kuma.

Da rani wani mai sayar da cuku a kasuwar Tanut ya ce mini akwai wani soja a wajen Falanko da ya tsira daga harin nan, an sallamo shi gida yana jinya. Na hau kabu-kabu na tafi. Na same shi a ƙarƙashin rumfa, yaro ne ƙanƙane, bai kai ɗana ba, yana zaune a karkace, sanda a gefensa. Da na faɗi ko ni wane ne sai ya yunƙura zai tashi, na danne masa kafaɗa.

Ya ce da sassafe ne, ana dafa shayi. Suka ji babura ta ko'ina. Kafin mutum ya sa takalmi wuta ta kama tanti.

Na ce, “Ya gudu?”

“Baba, kowa ya yi gudu a wurin nan. Wani ya yi wajen mota, wani ya yi wajen rami. Shi kaporal wajen babbar bindiga na ga ya nufa, tana can bakin shinge, ta inda suka fi yawa. Ba riga a jikinsa. Sai hayaƙi ya shiga tsakaninmu, ni kuma aka same ni, wani ya ja ni ya jefa a mota. Ko ya kai, ban sani ba.”

Na gaya masa al'adar gidanmu, na roƙe shi ya zo ya faɗa a gaban Kacalla. Ya dube ni ya ce, “Me kake so in ce, Baba? In kana so in ce na ga ya faɗi da harsashi a ƙirji, zan ce. Ya rufa mini asiri ba sau ɗaya ba.”

Uwarsa ta kawo mini ruwa, na sha, na riƙe kwanon. Kalma ɗaya ce, an gama. A kira shi, a yi masa salla, matarsa ta yi takaba, bakin rijiya ya mutu. Sai na tuna wadda na baro a gida. In yaron nan ya ce ya gani, ita za ta yarda, don soja ne, kuma daga ran nan ba za ta sake aikawa a tambayi kowa ba. In zan raba ta da abin da take riƙe da shi, to ba da ƙarya ba. Na ce, “Abin da ka gani kawai.”

Da ya ji ƙarfin hawa babur ya zo. Aka zauna a zaure, Baffa da makaɗi da dattawan gida. Ya faɗi abin da ya faɗa mini, bai ƙara ba, bai rage ba. Baffa ya sa tafin hannu a bayan kunne yana saurare.

“Ka ga ya faɗi?”

“Ban gani ba, Baba.”

“Ka ga raunin?”

“Ban gani ba.”

“To wannan shaidar tafiya ce, ba ta rauni ba.”

Makaɗin nan tsoho ne, bai cika magana ba in ba da ganga ba. Ya ce, “Ranka ya daɗe, ko in an zo kansa in sauya tambayar? In ce, ina ya nufa? Su ce gaba. Ba a yi ƙarya ba.”

Na ga dattawa biyu sun gyaɗa kai. Baffa ya daɗe yana kallon ƙasa, har na ce a raina ya sauko. Sai ya ce, “Ban gaji wannan tambayar ba. In na sauya ta saboda nawa, gobe kowa ya zo da tasa.” Ya juya ga sojan. “Kai naka raunin ina yake?”

Yaron ya juya, ya ɗage riga. A baya yake, ƙasa da allon kafaɗa, ya gangara har kwankwaso. Ya sauke rigar ya ce, “Baba, yaƙin yanzu ba shi da gaba. Ta ko'ina suke zuwa.”

Baffa ya kau da kai ya ce a kawo wa baƙo abinci.

Abu ɗaya zuwansa ya yi: masu cewa an gan shi a Libiya suka rage, aƙalla a gabana. Matata kuwa ta ji labarin daga bayan danga, ta shiga ɗaki, ba ta fito ba sai washegari. Da ta fito ta ce, “Ai bai ce ya faɗi ba.” Na ce bai ce ba.

Aka yi ta tafiya haka, damina ta zo ta wuce, wata ta zo. Ba gawa, ba labari. Jikan ya bar nono, ya fara gudu a tsakar gida. Daga baya malamai suka duba, suka ce jiran ya isa, yarinyar tana iya yin iddarta ta koma gidansu. Da ta gama, ubanta ya zo daga Belbeji a motar kasuwa don ya tafi da ita. Mutum ne mai kunya, ya zauna a ƙofar gida yana ta ba mu haƙuri kamar shi ya yi mana laifi.

A al'ada, yaron da aka yaye na gidan ubansa ne. Ba wanda ya ma ɗauko maganar, ita kanta uwar ta naɗe kayanta ta bar nasa a kan gado, idanunta sun kumbura. Na fito daga cikin gida, sai na ga Baffa zaune da yaron a cinyarsa, ya ba shi kuben takobin nan yana wasa da shi. Yana ce wa baƙon, “Wannan ba ya zuwa ko'ina. Magajin maza ke nan.”

Ban san lokacin da na isa gabansa ba. Na ce, “Baffa, ɗan wa?”

“Wace irin tambaya ce wannan?”

“Ɗan wa ne? In ya girma kuka tura shi, aka kawo muku shi a mota, makaɗi zai ce wane ɗan wa? Ɗan wanda ba ku kira ba?”

“Kai, shiga hankalinka. Akwai baƙo.”

“Baƙon ya ji. Uban kun ce ba ku san shi ba. To ɗan ma ba ku san shi ba.”

Na ɗauke yaron daga cinyarsa, na zare kuben daga hannunsa na ajiye a tabarma. Ya fasa kuka. Baffa ya ce, “In ka fitar da jinin gidan nan, kada ka sake zama a tabarmata.” Na ce na ji. Na leƙa ɗaki na ce wa surukata ta haɗa kayan ɗanta. Ta tsaya tana kallona, ba ta gane ba, sai da na maimaita.

Wadda ban shirya mata ba ita ce matata. Ta biyo ni har bakin mota, ba mayafi, ta riƙe ƙafar yaron.

“Malam, shi kaɗai ya rage mini. Fuskarsa ce fa. Ka dubi goshin.”

“Na gani.”

“Ka hana ni wancan, yanzu ka hana ni wannan?”

Ban hana ta wancan ba, amma ban tsaya gardama ba. Na ce, “Belbeji ba nisa. A can raguna zai koya, ba ganga ba.” Na ɓamɓare yatsunta a hankali, na miƙa shi ga uwarsa ta taga. Dillalin ya kama hannuna da hannu biyu, ya ce Allah ya saka. Yaron mota ya buga ƙarfe, suka tashi.

Baffa bai sake yi mini magana ba. Yana nan da ransa, ya ƙara kurumcewa, in mun haɗu a masallaci sai ya dubi bango. Dattawan gida sun ce na yanke reshen ɗakinmu da hannuna, kuma gaskiya suka faɗa. Sunan ɗana bai shiga kira ba, ba zai shiga ba, na daina nema. Matata ta yi wata da watanni tana ajiye mini tuwo ba ta ce mini ci ba. Yanzu takan bi motar kasuwa ta je Belbeji ta kwana biyu ta dawo. Zuwanta na baya ta tarar da ni ina sassaƙa ƙotar gatari, ta zauna nesa kaɗan tana kwance ƙullin tsarabarta. Ban tambaye ta ba. Can ta ce an sa jikan lakwal, kuma ya iya gane tunkiya mai ciki da ido. Ta ce uwar za ta yi aure bayan salla, wani tela ne, yaron ya fara ce masa Baba.

Na ce, “Mutumin kirki ne?”

Ta ce, “Haka suka ce.”